Kwamfutar da Alhaji Illo Ya Naɗe

Duk kasuwar Tamanrasset babu wanda ya kai Alhaji Illo iya naɗin kaya. Kowa ya san haka, wanda bai sani ba kuma Alhaji yakan sanar da shi da kansa. Bakatsinen Maraɗi ne, shekararsa ashirin da shida a garin, sana'arsa kuma guda ce: a kawo masa kaya, ya jera a kwali ko a buhu, ya bi da sikoc, wato salatif, har su zama kamar dutse, a ɗora a kamyo, babbar motar kaya, a yi kudu da su. Magina ƴan Nijar masu komawa gida wurinsa suke kawo barguna da tukwane. Ana ba da labarin wani kwalin kofunan shayi da ya naɗe, wanda ya faɗo daga kamyo a hanyar Agadas, ya yi wata biyu cikin rairayi, da aka tsince shi ko kofi ɗaya bai tsage ba. Kwana uku mai kayan ya yi kafin ya iya buɗe kwalin, amma Alhaji ba ya kai labarin har can.

Hannunsa bai san an tashi daga aiki ba. A gida ya naɗe wayarsa, ya naɗe agogon bango, ya naɗe hannun buta da ƙafafun kujeru. A wurinsa abin da ake so shi ake naɗewa. Matarsa Gwamma takan ce ita dai ba ta barcin rana idan yana gida.

Ƴarsu ta fari, Zuhura, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Da yake ƴar fari ce, Alhaji bai taɓa kama sunanta ba, ba ya kuma yi mata magana kai tsaye. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, sai ya ce wa Gwamma, "Ki ce wa ƴarki," ita ma Zuhura ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ki ce wa Baba." Haka Gwamma ta shekara ashirin da biyu tana kai saƙo tsakanin mutum biyu da gwiwoyinsu ke kusan taɓa juna.

Ranar da Zuhura ta samu shiga jami'a, Alhaji ya sayo mata kwamfutar hannu wadda ta ɗan sha jiki, daga wurin wani Balarabe mai komawa Alje. Bai miƙa mata ba sai da ya yi mata abin da ya dace. Ninki uku ya yi. Ya bar fuska, ya bar madannai, ya bar ramukan da ake soka waya. Sai ya ga wasu ƴan tsage-tsage a gefen hagu da kuma ƙasa, a jere kamar haƙoran matsefi. Ya girgiza kai don sakacin masu ƙira. Mutum ya yi abu mai tsada haka, ya bar masa ƙofofi? Nan ya fi ba ƙarfi.

Duk Juma'a bayan masallaci yakan karɓi kwamfutar ya duba aikinsa. Sau biyu ya tarar sikoc ɗin ya buɗe daidai kan tsage-tsagen nan, a miƙe tsaf kamar an ja da reza. Ya yi tir da sikoc ɗin zamani da ba shi da albarka, ya liƙe wurin, ya ƙara ninki ɗaya.

Shekara uku kwamfutar tana lallaɓawa, tun da rubutu kawai ake yi da ita. A shekarar ƙarshe ne aiki ya yi nauyi. Zuhura tana bincike kan rijiyoyin lambunan Outoul, tana zana taswirar inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa, taswirar kuma ba ta buɗuwa sai a cikin kwamfutar tata. Da ta buɗe, sai na'urar ta kama gurnani kamar kamyo a hawan dutse, minti ashirin ta ɗauke ɗif.

Ranar Asabar Gwamma ta same shi yana cin abinci.

"Alhaji, ranar Alhamis ne fa sutanans ɗin yarinyar nan, ranar da za ta kare bincikenta."

"Na sani. Ba ni na gayyaci mutane ba? Ga rago can a ɗaure."

"To, rabin awa za ta tsaya gaban malamai biyar tana nuna aikin. Abin nan kuwa minti ashirin yake yi ya mutu. In ya mutu a gabansu, sai baɗi."

Alhaji ya ajiye lomar da ke hannunsa. Baɗi! Ya riga ya gaya wa kasuwa kaf, har da Larabawan layin dabino. Ya tuna kuma yadda yarinyar take dawowa daga Outoul da ƙafafu jajur da laka, shekara guda cur tana leƙa rijiyoyin mutane.

Washegari ya kai maganar fadarsu, wato benci biyu da butar shayi a ƙofar shagonsa. Malam Rashidu, wanda ya yi shekara talatin yana jan kamyo kafin gwiwa ta sauke shi, bai ma bari an gama bayani ba.

"Tana gurnani?"

"Tana yi."

"Tana zafi?"

"Kamar gawayi."

"Sai ta tsaya a tsakiyar hanya?"

"Haka nan."

"Inji ne ya gaji, Alhaji. A sauke shi a ɗora babba. Babu wata magana."

Sadiƙu mai barguna, Bagobirin da ba ya ganin Alhaji ya ƙyale shi, ya kurɓi shayi ya ce, "Injin ordinatar sunansa furosesa, ku ƙauyawa. Amma Bakatsine, ka tabbata ba numfashi ka hana ta ba? Ni ko gaisawa muka yi sai na duba hannuna, kada in tafi da shi a liƙe."

Aka yi dariya. Alhaji ya ce, "Bagobiri, kai da barguna kawai ka sani, su ma in ban naɗe maka ba ko Arlit ba sa kaiwa." Aka sake dariya, aka tsayar da magana a kan furosesa.

Da ya koma gida ya shelanta hukuncin fada. Zuhura tana zaune gefen uwarta tana tsince shinkafa. A hankali ta ce, "Inna, ki ce wa Baba, da ma sikoc ɗin ne..."

"Ki ce mata kada ta damu da sikoc," in ji Alhaji. "Na ga ya fara tsufa. Sabo zan sa mata, mai kauri, irin na kayan gilashi."

Gwamma ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ci gaba da tsintar shinkafa. A ganin Alhaji yarinyar ta ji daɗi, don har ta kasa magana.

Ranar Litinin ya saɓa kwamfutar a hammata ya nufi wurin Sufyanu, wani saurayi ɗan Damagaram mai gyaran waya da kwamfuta a wani ɗan lungu bayan tashar taksi. Sufyanu ya karɓa, ya juya ta, ya sake juyawa, yana neman inda na'urar ta fara.

"Baba Alhaji, wane ne ya yi wannan aikin?"

"Ka taɓa ganin irinsa?"

"Wallahi ban taɓa ba."

"To ka gani yau. Furosesa za ka sauke, ka ɗora babba."

Sufyanu ya ɗauko wuƙa, Alhaji ya riƙe masa hannu. Ba a sa wa naɗinsa wuƙar wani. Shi ya zauna ya warware da kansa, ninki bayan ninki, har tsibin sikoc ɗin ya fi kwamfutar girma. Sufyanu ya kwance sukurori ya ɗaga murfin. Ya tsaya yana kallon wata ƴar fanka a ciki, wadda bakinta ke fuskantar tsage-tsagen gefe.

"Baba, ka ga wannan fankar? Zafi take turowa waje, ta nan. In aka rufe nan..."

"Rairayi ba ya shiga."

"E, amma iska..."

"Iskar garin nan me take ɗauke da shi in ba rairayi ba? Yaro, furosesa na zo saye. Akwai ko babu?"

Sufyanu ya dubi Alhaji, ya dubi wani tsohon gwangwanin madara da ke kan kantar shagon. Ya jawo shi, ya tona, ya fito da wani ɗan abu mai kusurwa huɗu.

"Akwai, Baba. An yi sa'a irin taku ta dā ce, ana cire nata a sa wani. Na yanzu a liƙe suke zuwa."

"Ka ji ko," in ji Alhaji. "Su ma sun gane amfanin liƙi."

Sai dai abin bai cika masa ido ba. Ya ɗora shi a tafin hannu, ya ɗora tsohon a ɗaya hannun, ya auna. Nauyinsu ɗaya, girmansu ɗaya, ko biskit ya fi su.

"Ina babban?"

"Shi ne wannan. A ciki girman yake."

Alhaji bai yarda da kayan da girmansu ke ciki ba. Ya zuba ido Sufyanu ya juya wani ɗan sukuru, ya zare tsohon, ya kwantar da sabon a gurbinsa a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya ɗiga masa wani farin mai, ya hure fankar, ya mayar da murfi. Ya kunna. Suka buɗe taswirar Zuhura. Rijiyoyin Outoul suka bazu a fuskar kwamfutar, shuɗi-shuɗi, babu gurnani. Minti ashirin ya wuce. Arba'in ya wuce. Aka yi awa guda tana aiki tsirara a kan tebur, lafiya lau.

"Malam Rashidu ya san inji," in ji Alhaji.

Da zai tafi Sufyanu ya biyo shi har bakin lungu. "Baba Alhaji, don Allah, wannan sabon ya fi tsohon zafi. Kada a rufe gefen nan."

Alhaji ya yi murmushi. Ya san masu gyara. Wane mai gyara ne zai so abu ya daɗe bai lalace ba?

A shago ya yi mata naɗin da bai taɓa yi wa wani kaya ba. Da tana da ƙaramin inji ninki biyar ta samu, yanzu kuwa darajarta ta ƙaru. Ya sa shida, da sikoc mai kauri, ya bi gefen hagu da babban yatsa yana dannawa har ya yi sumul. Mutane suka tsaya kallo. Wani Balarabe mai dabino ya ɗauki hoto.

Ranar Talata da hantsi aka taru a falo don gwaji. Zuhura ta karɓi kwamfutar, ta shafa gefen hagu da yatsa, ta ɗago ta dubi uwarta. Ta kunna. Taswira ta buɗe da sauri kamar walƙiya, Alhaji ya gyara zama. Sai gurnani ya taso, wanda ya fi na dā. Minti takwas, fuskar ta yi baƙi.

Ragon da ke ɗaure a tsakar gida ya yi kuka.

Zuhura ta rufe kwamfutar ta shiga ɗaki. Alhaji ya ji lokacin da ta ja hanci sau ɗaya, a hankali, irin na wanda ba ya so a ji.

Laraba da safe fada ta zauna zaman gaggawa. Malam Rashidu ya ce sabon inji sai an yi masa rodaj, a riƙa tafiya da shi sannu-sannu na wata guda. Da aka tuna masa gobe ne, sai ya ce to a ɗora wanda ya fi wannan. Aka kira Sufyanu a waya, ya ce babu wanda ya fi shi da zai shiga gurbin, ya fara cewa, "Baba, gefen nan dai," Alhaji ya kashe. Wani ya ce baki ne, tun da an bari Balarabe ya ɗauki hoto. Sadiƙu ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar abokinsa, ya mayar da kofi bakinsa.

Ana cikin haka Tijani ya iso, wani mai lambu daga Abalessa, da tumatir cike da bayan mota, za a kai In Gezam. Aiki ba ya jiran baƙin ciki. Alhaji ya tashi ya jera tumatir a kwalaye, ya naɗe, sannan ya ɗauko basilla yana huda kowane kwali, shida a wannan gefe, shida a wancan.

Yana kan kwali na tara taksi ya tsaya. Zuhura ta fito, rungume da kwamfutar. Tun da aka haife ta ba ta taɓa taka shagon nan ba. Ta durƙusa ta gaida mutanen fada ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya duba bayanta, babu Gwamma. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan tumatir.

Ita ma ta duba, ta ga babu mai kai saƙo. Ta juya wurin Sadiƙu.

"Kawu Sadiƙu, don Allah ka tambayar mini Baba. Me ya sa yake huda waɗannan kwalayen, bayan ya gama naɗe su da kyau?"

Sadiƙu ya ajiye kofi, ya gyara murya kamar sanƙira. "Bakatsine, ana tambaya."

Tambaya ce a kan sana'a, Alhaji kuwa ba a taɓa yi masa irinta ya yi gajeren bayani ba. "Ka ce mata kaya iri biyu ne. Akwai matacce, akwai mai rai. Kofi, bargo, tukunya, waɗannan matattu ne, ka rufe su ruf. Amma tumatir yana numfashi. Yana fitar da zafi daga cikinsa. In ka rufe shi, zafin ba shi da wurin zuwa, sai ya dawo kansa ya dafa shi. Kafin In Gezam ya zama miya. Wanda bai san wannan ba bai san naɗi ba, ɗaurin kawai ya iya. Na sha gaya wa..."

Zuhura ta matso. Ta ɗora kwamfutar a kan kwali na tara, ta buɗe, ta kunna, ta koma gefe ta tsaya tana kallon ƙasa.

Gurnani ya fara. Alhaji ya tsaya da basilla a hannu. Ya dubi ramuka shida da ya huda yanzun nan. Ya dubi gefen hagu na kwamfutar, sumul, yana ƙyalli. Ya kai tafin hannu ya dafa wurin, ya janye da sauri. A ƙarƙashin sikoc ɗin wani abu yana ta bugun ninki shida yana neman hanya.

Sai ya tuna yankan nan guda biyu, miƙaƙƙu, daidai wurin. Sikoc ba ya tsagewa a miƙe. Shi ya fi kowa sanin haka.

Malam Rashidu ya sami wani abu mai muhimmanci a ƙasan kofinsa.

Alhaji ya ɗaga basilla. Zuhura ta ce, "Baba!" da ƙarfi, kai tsaye, ba ta bi ta kan kowa ba. Ya dakata. Ya ajiye basillar, ya zaro ƴar wuƙarsa ta aiki daga aljihu. Ta matso ta nuna masa da yatsa, daga nan zuwa nan, sannan ta kifa kwamfutar ta nuna ƙasa. Ya yanka taga biyu, a miƙe, kusurwa huɗu cif, ya kuma bi bakin kowace da siririn sikoc don kada ta yi gatsau. Iska mai zafi ta bugo masa a hannu kamar an buɗe tanda. Gurnanin ya sauka, ya sauka, ya koma ɗan shuu.

Suka zauna suna kallon rijiyoyin Outoul, har da Tijani, wanda ya manta da tumatirinsa yana neman ko an sa ta ƙanen matarsa. Aka yi shayi na ɗaya, na biyu, na uku. Kwamfuta ba ta mutu ba.

"Ka ga rodaj ya kama," in ji Malam Rashidu.

Ranar Alhamis Alhaji ya zauna a layin gaba cikin babbar riga, idonsa a kan agogo. Bai fahimci Faransancin ba, bai kuma damu ba. Minti takwas ya wuce, ya saki numfashi. Ashirin ya wuce. A minti na talatin da biyar wani malami mai furfura ya tambayi wani abu yana nuna kwamfutar, mutane suka yi dariya, Zuhura ta amsa, malamin ya gyaɗa kai. Daga baya aka gaya wa Alhaji cewa ta ce mahaifinta ne ya naɗe ta, kuma shekara huɗu ko ƙwarzane ba ta yi ba. Malaman suka fita, suka dawo, kowa ya miƙe, aka karanta sakamako. Gwamma ta rangaɗa guɗa a cikin jami'ar mutane.

Wurin cin rago Alhaji ya yi wa baƙi bayani. Abu biyu ne, in ji shi: babban furosesa, da kuma wata dabara da ya ƙirƙiro, naɗi mai taga. Ya daɗe yana nazarinta.

"Tun jiya da hantsi," in ji Sadiƙu da ƙashi a baki.

Kafin mako ya zagayo, rabin kasuwa sun kawo masa wayoyi da rediyoyi a yanka musu taga. Wani ma ya kawo fitilar hannu. Alhaji bai mayar da kowa ba.

Juma'ar da ta biyo, bayan masallaci, bai nemi a kawo masa kwamfuta ba. Ya zauna a tabarma, Gwamma a tsakiya, Zuhura a gefe. Ya yi gyaran murya.

"Ki ce wa ƴarki..." Ya tsaya. Ya juya kaɗan, ba sosai ba, yana kallon bango kusa da kanta. "Ke. Rezar nan da kike yanka da ita, a ƙarshen layi tana karkacewa. Riƙe wannan."

Ya tura mata wani ɗan ƙunshi naɗe da sikoc. Sabuwar wuƙar aiki ce, irin tasa. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya. Ba ta samu ganin wuƙar ba sai bayan la'asar, da Gwamma ta aro almakashi a maƙwabta.